Ruwan Buta a Cikin Baƙin Mai

Wata safiyar Alhamis a daminar shekarar 1996, ina tsaye a cikin jirgin Babana a bakin kogin Ubangi a Bangui, rungume da kwanon abinci, Papa Gaston, mai kula da injin jirgin, ya zaro sandar gwajin mai daga cikin inji ya ɗaga ta sama yana kallo. Bai fi minti biyu da tayar da injin ba ya kashe shi, wai ya ji muryarsa ta sauya. Ni dai ban ji wata murya ba, ƙara ce irin wadda na saba toshe wa kunne. Man da ke jikin sandar, wanda na sani baƙi wuluk, ya koma launin shayin da aka cika wa madara. Papa Gaston ya shafa a yatsa, ya murza, ya sunsuna, sannan ya kwance murfin da ake zuba mai ya juyo cikinsa, sai ga wani farin yauƙi ya manne a jiki. Ya dubi Baba ya faɗi kalma ɗaya da Sango, yaren garin, "Ngu," wato ruwa. Baba ya nemi buhun gishiri ya zauna. Ranar Asabar ya kamata jirgin ya tashi zuwa Mongumba, tafiyarsa ta farko tun da sojoji suka yi tawaye karo na biyu, ga kayan 'yan kasuwa jibge a ciki. Kafin hantsi duk masu dako na wurin sun san cewa ɗayan biyu ne, ko injin ya fashe daga ciki, ko wani ya zuba ruwan da hannunsa, in kuwa hannu ne, akwai wanda zai bar jirgin nan da kunya. Shekarata goma a lokacin.

Gidanmu yana unguwar Kilomita Biyar, a wani lungu bayan Masallacin Koudoukou, inda kakana ya sauke kayan goronsa tun kafin a haifi Baba. Akwai rijiya a tsakar gida, da bishiyar mangwaro wadda ta fi ba mu shara fiye da 'ya'ya, da turmin da nake daka ganyen rogo har kafaɗuna su ƙage. Aikina na safe shi ne share ganyen mangwaron nan, in ja ruwa in cika randar Inna da tulun wanke-wanke, in jera butoci a bakin zaure. A gida Hausa ake yi, amma da mun tsallake dokin ƙofa bakinmu ke juyawa Sango, Inna ta yi faɗan har ta gaji. Makarantar boko a rufe take saboda malamai na yajin aiki, don haka daga karatun allo na safe sai yawo. Farfajiyar makarantar ta zama tamu, ciyawa ta rufe layin da muke tsayawa, muna zana 'yar gala-gala a barandar ofishin shugaban makaranta ba mai hanawa. Bayan harbe-harben watan Mayu, waɗanda suka sa muka yini kwance a ƙarƙashin gado da rana tsaka, yaran unguwa suka daina yin carafke da tsakuwa suka koma yi da kwanson harsashi, don ya fi daɗin kamawa kuma yana ƙara. Na tara guda bakwai a gwangwanin madara, ranar da Inna ta gano su na sha ludayin miya a gadon baya.

Motocin Kamaru sun yi wuyar shigowa a watannin nan. Sabulu ya ɓace daga tebura a Kasuwar Kilomita Biyar, sukari ya koma ƙulli-ƙulli, baƙin mai kuwa sai wanda ya san wani. Ina jin manya suna cewa masu janareto da masu babura har bin juna suke yi suna neman ko kwalba ɗaya ce. Baba ya yi sa'a, tun kafin rikicin ya ɓarke, Papa Gaston ya juye wa injin sabon mai, ya rufe shi da tamfol, aka ɗaure jirgin a wajen Kolongo, wata unguwar bakin kogi, ana jiran gari ya lafa.

Jirgin na katako ne, dogo, mai rumfar kwano, irin wanda ake kira baleniya. Yana gangarawa da gishiri da sabulu da atamfa, ya hauro da manja da bandar kifi da garin rogo. Injinsa tsohon dizal ne wanda ya girmi Baba ma ina jin, yana jan ruwan kogi ta wani bututu ya sanyaya jikinsa ya tofar ta gefe. Ba wanda ya san halinsa sai Papa Gaston. Mutumin kogi ne, gajere, mai furfura a gira, tun ban zo duniya ba yake tare da Baba. Ba sa kiran juna Alhaji ko direba in suna su biyu, "ita" suke cewa, wato ɗan'uwa. Ranar sunan ƙanena shi ya kawo kifin da aka ci, ranar da matarsa ta rasu Baba ya rufe shago kwana uku. Ni kuwa Kaftin Rabi yake kirana, domin na taɓa gaya masa cewa ni zan gaji jirgin, ba yayyena maza ba, waɗanda ko ruwan kwata tsoro suke. Yakan ɗora tafin hannuna a jikin inji ya ce in saurara da fata, kunne yana ƙarya. Yana da wata magana da yake yawan maimaitawa in yana goge hannu da tsumma: "Inji ba ya ɓoye ciwonsa, Kaftin, mutane ne ba sa tambayarsa."

A farkon shekarar Baffa Lawali ya zo. Ƙanin Baba ne, amma a Damagaram aka raine shi wurin dangin kakarmu, bai taɓa ganin Bangui ba sai da gemunsa. Ba ya jin Sango, Faransancinsa na gaisuwa ne, ya zo neman kasuwa ya tarar da bindiga. Na so shi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Shi kaɗai ne babba a gidan da yake zama ya saurari surutuna, yana kwaikwayon yadda muke karya Hausa har Inna ta yi dariya da hawaye, kuma aljihunsa ba ya rabuwa da alawa. Da Baba ya ga zaman banza zai lalata shi, sai ya ba shi gadin jirgi da rana a ranakun da Papa Gaston ke zagayen neman man dizal. Ni ce mai kai abinci, don haka nakan hau bayan tsohuwar mobilet ɗin Baba, wato ƙaramin babur, kwano a cinya, shuɗiyar buta a hannu.

Butar nan abin dariya ce a bakin kogi. Baffa ba ya taɓa ruwan Ubangi. Ya ce ruwan da ake wanki da wanka da wanke tumbin akuya a ciki, ja kamar kunun kanwa, ba zai kai shi fuskarsa ba. Malam Hamidu, limamin lungunmu, ya gaya masa ruwa mai gudu tsarkakakke ne ko wane launi ya ɗauka, Baffa ya yi kunnen uwar shegu. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji, ko leƙa ruwan ba ya iya yi daga gefen jirgi, katakon hawa ma da rarrafe yake tsallake shi. Saboda haka kullum sai na cika masa buta daga randar Inna, ruwan rijiyarmu garai-garai, mu yi tafiyar nan mu kai shi inda ruwa ya fi ƙasa yawa. Masu dako suna ganinmu suke fara ihu da Sango cewa ga mai sayar wa kogi ruwa ya iso.

Wata rana bayan ya ci abinci ya yaye tamfol ɗin inji, ya fito da siririn tiyo da galan daga cikin jakarsa. Ya zura tiyon, ya zuƙa da baki, ya tofar, mai ya fara gangarowa cikin galan. Ya ce mini tsohon mai ne ya yi yawa, yana damun injin. Sannan ya rage murya ya ce Papa Gaston ya tsufa, yana barin inji da ƙishirwa, ai na sha ganin ana ba mota ruwa a tasha. Na gani mana, sau nawa. Ya miƙo mini butar ya ce tunda ni ce kaftin, ni ya kamata in shayar da shi. Har yau ina jin nauyin butar nan a hannuna da yadda kaina ya kumbura. Na zuba a hankali ta bakin da ake zuba mai, shi kuma yana zaro sandar gwaji yana gogewa yana mayarwa, har ya ce, "Tsaya, ya kai layi." Ya ce kada in gaya wa kowa, kada tsoho ya ji kunya a ce yarinya ta fi shi kula da aikinsa. A hanyar komawa ya saya mini makala mai zafi, irin fanken garin, a takarda. Sau uku muka yi haka, kuma duk ukun na kwana ina jin cewa na yi wa Papa Gaston alheri a ɓoye.

Shi ya sa safiyar Alhamis ɗin nan, da na ji "ngu," ban tsorata ba da farko. Saura kaɗan in ɗaga hannu in ce ni ce, a yaba mini. Fuskar Baba ce ta tsayar da ni, da yadda Baffa ya koma can bakin rumfa yana jan carbi da sauri. Baba ya tambaya ko ba za a juye man kawai a zuba wani ba. Papa Gaston ya ce ko da akwai wani man, ba zai zuba ba sai ya san ƙofar da ruwan ya bi, in ba haka ba za su je tsakiyar kogi da kayan mutane da 'ya'yan mutane injin ya ƙone. Ya aiki wani mai dako ya aro masa kurfoti da garwashi wurin mai soya makala. Ya ɗora murfin gwangwani ya yi zafi, ya ɗiga man a kai. Mai mai kyau, in ji shi, shimfiɗewa yake yi ya yi hayaƙi shiru. Wannan kuwa ya hau tsalle yana ƙara, tas-tas-tas, kamar an jefa ɗanyen kifi a tafasasshen manja. Ya ce wannan ya nuna ruwan ba kaɗan ba ne, amma bai faɗi daga ina yake ba.

Daga nan ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana bayani, don shi mutum ne da ba ya iya aiki bakinsa a rufe. Ruwan sama ya fara zargi. Ya shafa cikin tamfol, a bushe yake, murfin mai a ɗaure tam, bututun hayaƙi a toshe da tsumma yadda ya bar shi. Sai ya ce to saura kogi, domin in takardar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ta ƙone, ko ƙarfen ya tsage, ruwan da ke sanyaya inji yakan ratsa ya sauka cikin mai. Ya kwanta rub-da-ciki a ƙasan jirgi ya kwance ƙusar gindin inji, ya tara farar kwalba. Abin da ya fara fitowa ruwa ne zalla, daga baya gurɓataccen man ya biyo. Ya toshe kwalbar, ya ɗauko wata ya miƙa hannu ya cika ta da ruwan kogi, ya jera su biyun a kan rumfa cikin rana ya ce kada kowa ya taɓa. Sauran yinin ya ƙare shi ne yana kwance kan inji, ƙusa bayan ƙusa, yana jera su a kan buhu bisa tsarin da ya cire su. Da ya ɗaga kan, ya ɗauko takardar ya duba ta a rana, ya bi ƙarfen da farcensa ko zai ji tsaga. Lafiyarsu ƙalau.

Wajen la'asar ya sauko da kwalaben. A ta kogi, jar laka ta kwanta a gindi kaurin yatsa. A ta inji, mai ya hau sama, wani farin dauɗa a tsakiya, a ƙasa kuma ruwa ne garau, kana hango yatsanka ta ɗaya gefen, ba ƙwayar laka ko ɗaya. Ya ce a damina Ubangi ba ya shiga ko'ina bai bar jar ƙasarsa ba. Sannan ya ƙara da wata magana. Ya ce da safe da ya zaro sandar, man yana kan layi daidai, bai haura ba bai gaza ba, alhali in ruwa ya ratso da kansa dole ya ɗaga man ya wuce layi. "Ruwan da ya shigo da ƙafarsa bai san layi ba," in ji shi. "Wannan wani ne ya ɗebi mai, ya cike gurbin, yana dubawa." A nan ne na gane abin da na yi. Na tuna makalar nan uku, na ji kamar in amayar da su duk da sun yi makonni da narkewa.

Washegari Juma'a da safe, bayan Baba ya karya, na kawo masa ruwan wanke hannu a shuɗiyar butar, don duk sauran suna zaure. Ina zuba masa sai kuka ya ƙwace mini, na faɗa masa komai, tiyo da galan da layi da makala, ban rage ba. Ban ji tsoron duka ba. A sanina Baba mutum ne da aka taɓa kawo masa rigimar awo daga kasuwa ya ba ɗan garinmu rashin gaskiya a gaban kowa, kuma shi ne ya koya mini cewa in na fasa kwano in faɗa kafin a tambaya. Na tabbata zai tashi ya kira Baffa. Ya daɗe hannunsa a miƙe ruwa na ɗiga. Sannan ya leƙa ƙofa, ya dawo da kallonsa kaina, ya tambaya wa na gaya wa. Na ce ba kowa.

"To ki bar shi a haka," ya ce. "Kina so a ce a kasuwa 'yar Alhaji Idi ce ta zuba wa jirgin ubanta ruwa? Da hannunki fa kika zuba, Rabi."

Ni na kawo masa gaskiya, shi kuma ya karɓe ta ya ɗaure mini baki da ita. Ko a shekara goma na gane haka, sai dai ban san yadda zan faɗa ba. Na je wurin Inna a madafa, ta ga idona ta ci gaba da firfita wuta, na fahimci ta ji komai ta taga. Abin da ta ce kawai shi ne Baffa jininmu ne, in asirinsa ya tonu na gidan nan gaba ɗaya ya tonu, ba mai sake ba Baba ajiyar kaya.

Bayan an sauko daga Juma'a aka zauna a zaurenmu, Baba da Baffa da Malam Hamidu da dattawa biyu masu kaya a jirgin. Ni ina maƙale a bayan labulen ƙofar cikin gida. Papa Gaston ya iso a ƙasa tun daga Kolongo, sanye da farar rigarsa ta zuwa coci, kwalaben biyu a cikin kwando an kewaye su da tsumma don kada su girgiza. Ya cire takalmi, ya gaishe su, ya jera kwalaben a kan tabarma, ya maimaita bayaninsa tiryan-tiryan, Baba yana juya wa Baffa da Hausa. Kafin ya rufe baki Baffa ya karɓe. Ya ce shi baƙo ne amma yana da kunne, kowa ya san sojojin da suka tayar da garin nan yawancinsu mutanen kogi ne, kuma unguwannin bakin ruwa nasu ne, wa ya san wanda ya roƙi a ba shi mai ko a hana jirgin Musulmi tashi. Ɗaya daga cikin dattawan ya gyaɗa kai. Ba wanda ya fassara wa Papa Gaston, amma shekarunsa a cikinmu sun isa ya tsinci abin da ake nufi.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi da kogi ke ƙarƙashin ƙafarsa, in zai yi wannan aiki hannu kawai zai miƙa ya ɗebo, kuma da ya yi haka da kowa ya ce inji ne ya tsage, har shi Alhaji. Ya ce a tambaya wane ne yake ɗauko ruwan gari ya kai bakin kogi. Shuɗiyar butar tana nan a jere da sauran a bakin ƙofa, na ga idonsa ya sauka a kanta, ya taso ya sami ƙafafuna a ƙarƙashin labule, ya hau har fuskata ta gefen da na ɗage. Ya san wa ke riƙe butar nan kullum. Ban san abin da ya karanta a fuskata ba, amma na ga lokacin da ya fasa faɗin abin da ya gano. Ya sunkuyar da kai ya gyara zaman kwalba ɗaya da ba ta karkace ba, bai ƙara kalma a kan maganar ba.

Na zuba wa Baba ido, ina roƙonsa a zuciyata. Ya yi gyaran murya ya yi magana da Sango mai taushi, irin wadda yake yi wa masu sayen kaya. Ya ce ba ya zargin kowa, Allah ne masani, amma zamani ya lalace, masu kaya hankalinsu bai kwanta ba, gara Gaston ya ɗan huta tukuna har ƙura ta lafa. Gaston ya kira shi, ba "ita" ba. Malam Hamidu ya shafa fatiha. Papa Gaston ya ciro makullin akwatin kayan aiki daga wuyansa ya ajiye a tabarma, ya ce a wanke injin da dizal sau biyu kafin a zuba sabon mai, kada a yi ganganci. Ya ɗauki kwalbar kogi ya fita ya juye ta a gindin katanga. Ɗayar ya bar ta a inda take. Da ya zo sa takalmi ya ɗan juyo wajen labule ya ce, "Sai wata rana, Kaftin." Ban amsa ba. Na danne bakina da labulen, kuma wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa shi ba.

Na yi mako ban gaishe da Baba da baki ba, sai dai in durƙusa in tashi. Abincin Baffa kuwa na rantse ba zan ƙara ɗauka ba, Inna ta yi duka ta yi lallashi, a ƙarshe ta ba ƙanena. Alawar da Baffa ya miƙo mini na jefa ta a rijiya a gabansa, ya yi dariya ya ce yarinyar nan akwai zuciya. Ko a jikinsa. Aka samo wani makaniki daga tasha wanda ya san mota bai san ruwa ba, jirgin ya yi tafiya biyu da ƙyar. Kafin shekara ta ƙare sojoji suka sake tashi, wannan karon aka raba garin biyu, hanyar Kolongo ta rufe mana watanni. Da ta buɗe Baba ya je ya tarar an cire injin, katakon ya nutse rabi a laka. Baffa ya koma Damagaram da damina ta gaba, aka raka shi tasha da tsaraba. Papa Gaston ban sake ganinsa ba. Da na yi wayo na tambayi masu dako, wani ya ce ya haye Zongo, garin da ke tsallaken kogi, wani ya ce ya koma ƙauyensu can sama, ba wanda ya tabbatar.

Ba zan ce Baba mugu ba ne. Ya ciyar da mu, ya kai ni makaranta har inda yayyena ba su kai ba, kuma da ya rasu mutanen da suka bi gawarsa sun cika titi. Na yi masa biyayya, na yi jinyarsa, na yi kukan rashinsa da gaske. Amma daga Juma'ar nan, duk lokacin da na ji ana yabon gaskiyarsa sai in sami abin yi a madafa. Sau ɗaya bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da muke kwashe kayan shagonsa bayan arba'in, na hau kujera in share saman kanta, sai hannuna ya taɓa kwalba a bayan tsofaffin ma'aunai, an naɗe ta da tsumma. Shekara goma sha tara tana nan. Ban san ko ajiye ta ya yi don ya tuna, ko rasa yadda zai zubar ya yi ba.

Yanzu Kilomita Biyar ta ga yaƙin da ya sa tawayen ƙuruciyarmu ya zama kamar wasa. An sare mangwaron, rijiyar an rufe ta da siminti, yarana suna jin Hausa amma da Sango suke amsawa, kuma ba su taɓa zuwa bakin kogi ba duk da yana nan inda yake. Ina da ɗan shagon sayar da ƙanƙara da janareto a baya. Duk makanikin da ya zo yi masa aiki yakan yi mamakin matar da ke sa a ɗiga mata mai a kan murfin gwangwani mai zafi kafin a zuba, tana karkata kai tana saurare. Wani lokaci in na ɗora tafin hannuna a jikin janareton nakan ji ina son wani ya kira ni Kaftin, ko don in amsa wannan karon. Kwalbar tana kan kantata, man ya daskare a sama ya yi baƙi. Ruwan da na zuba yana ƙasa, har yau garau yake.